Abincin Mai Juna Biyu da Ciwon Sukarin Ciki: Tambayoyi da Amsoshi

Mace takan tafi awo lafiyarta ƙalau, ko ciwon kai ba ta yi, sai a miƙo mata takardar gwaji a ce sukarinta ya hau. Kafin ta kai gida ta gama lissafa duk abin da ta sa a baki tun farkon cikin, tana neman inda ta yi kuskure. Wata kuma tun ba a kai ga gwaji ba hankalinta a tashe yake, don mahaifiyarta na fama da ciwon sukari, ko don a haihuwar baya jaririn ya zo da girma har aka sha wuya. Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda matan nan da mazajensu ke yi ne. Amsoshin na kowa da kowa ne. Tsarin abincinki ke kaɗai kuwa, likita ko ungozomar da ke riƙe da katin awonki su za su zauna da ke a tsara shi.

Mene ne ciwon sukarin ciki, kuma daga ina yake tasowa?

Hawan sukari ne a jini da aka fara gano shi lokacin goyon ciki, ga macen da ba ta da ciwon sukari a da. Tushensa mabiyiya. Duk abin da mutum ya ci mai sitaci ko zaƙi, hanji kan narkar da shi ya koma sukarin da ake kira gulukos, ya shiga jini. Sinadarin insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi mai suna fankiriyas ke fitarwa, shi ke buɗe wa sukarin ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka da kitse, a kuma adana wani a hanta. Idan ciki ya fara nisa, mabiyiya na sakin sinadaran da ke sa jikin uwa ya daina jin maganar insulin kamar da, don sukari ya ɗan daɗe a jininta ɗan tayi ya samu rabonsa. Zuwa watannin ƙarshe, ƙarfin aikin insulin a jikin mai ciki kan ragu da kusan rabi, ko ma fiye. Kowace mai ciki haka take.

Bambancin yana wurin fankiriyas. A jikin yawancin mata takan ƙara himma, ta ninka insulin ɗin da take fitarwa, sukari ya zauna daidai. A jikin wasu ba ta iya cim ma buƙatar, sai sukari ya riƙa taruwa. Shi ya sa matsalar ta fi bayyana daga mako na 24 zuwa sama, shi ya sa kuma da an haihu mabiyiya ta faɗo, sukarin yawancin mata ke sauka cikin ɗan lokaci.

Abu ne da ya yawaita?

Sosai. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa a duk haihuwa shida, kusan ɗaya uwar ta yi fama da hawan sukari a lokacin ciki. Hakan ya kai haihuwa miliyan 21 a shekara, kuma kusan kashi 80 cikin 100 daga ciki irin wannan ne da ciki ke kawowa.

To, abin da na ci ne ya jawo min?

Wannan tambayar ta fi kowace cin rai, don haka zan ɗan tsaya a kanta. Abinci na da hannu, amma ba shi kaɗai ba ne, kuma sau da yawa ba shi ne babba ba. Akwai gado: idan uwa ko uba ko ɗan'uwa na jini yana da ciwon sukari. Akwai shekaru, domin haɗarin na ƙaruwa yayin da mace ke manyanta. Akwai ƙiba tun kafin ɗaukar ciki, da matsalar ƙwai da ake kira PCOS mai rikita al'ada, da cikin tagwaye, da taɓa samun ciwon a cikin baya, da taɓa haifar jariri mai nauyin kilo 4 ko fiye. Har asalin mutum na shiga ciki: matan da suka fito daga Kudancin Asiya, Gabas ta Tsakiya da Afirka sun fi na asalin Turai shiga haɗarin. A cikin waɗannan duka, nawa ne mace ta zaɓar wa kanta?

Za ki ga mace mai kula da cimarta ƙwarai ta kamu, wata kuma da ba ta rabo da kayan zaƙi ta haihu sukarinta bai motsa ba. Abinci mai kyau rage haɗari yake yi, ba ya kawar da shi baki ɗaya. Abin da ya sa ake yawan magana a kansa shi ne, cikin duk abubuwan nan shi da motsa jiki ne ke hannunki kullum. Ina roƙon dangi da ma'aikatan lafiya su kiyaye harshensu a nan. Macen da aka ɗora wa laifi takan ɓoye abin da take ci, ko ta daina zuwa awo, ko ta hana kanta abinci, kuma kowanne daga cikin ukun nan ya fi hawan sukarin illa.

Me ake nufi da ingancin abinci? Ba rage sukari ba ne kawai?

Ya wuce nan. Ɗauki ƙwayar alkama ɗaya ki duba. A waje akwai ɓawo, wanda ke zama dusa idan an niƙa. A gefe guda akwai ɗan ƙaramin idon da tsiro ke fitowa, mai ɗauke da mai da bitamin. Sauran duk farin sitaci ne. Idan injin ya cire ɓawon da idon, ya bar farin zalla ya niƙe shi lilis, an samu fulawa mai laushi wadda hanji ke narkarwa nan da nan, sukarinta ya kwarara cikin jini lokaci guda. Idan kuwa aka bar ƙwayar da kayanta, faiba, wato zare-zaren da ke cikin dusa da ganye da ɓawon wake, kan riƙe abincin ya narke sannu a hankali. Fankiriyas ɗin mai ciki, wadda dama aiki ya yi mata yawa, tana iya ɗaukar sukarin da ke zuwa kaɗan-kaɗan. Wanda ke zuwa kamar ambaliya shi ke kayar da ita.

Saboda haka idan masana suka ce abinci mai inganci, suna nufin cimar da ta ginu a kan ganyaye da kayan lambu, wake da danginsa, hatsin da ba a cire masa dusa ba, 'ya'yan itatuwa da ɗanyensu, gyaɗa da ire-irenta, kifi, ƙwai, madara ko yogot marar sukari, da man tsirrai daidai gwargwado. A ɗaya ɓangaren kuma a rage lemon kwalba, kayan fulawa masu zaƙi, soye-soye, da naman da aka sarrafa a masana'anta irin su tsiran gwangwani da makamantansu.

Hanya mafi sauƙi ta ganin wannan ita ce faranti. Rabinsa ganye da kayan lambu, rubu'i abinci mai gina jiki kamar kifi ko ƙwai ko wake ko kaza, rubu'in da ya rage kuma sitaci. Yawancinmu akasin haka muke zubawa: sitaci ya cika faranti ya yi tozo, ganye ɗan kaɗan a gefe kamar ado.

Akwai hujja a kan haka, ko dai shawara ce kawai irin ta asibiti?

Akwai, kuma iri biyu ce. Ta farko bin diddigi. A Amurka akwai wani dogon bincike da Jami'ar Harvard ke jagoranta a kan dubban ma'aikatan jinya mata, inda ake rubuta abin da suke ci shekara da shekaru. A 2012 an fitar da sakamakon mata fiye da 15,000 daga cikinsu. Waɗanda cimarsu kafin ɗaukar ciki ta fi inganci, haɗarin kamuwarsu ya yi ƙasa da kashi 24 zuwa 46 cikin 100, gwargwadon ma'aunin da aka auna ingancin da shi. Tun a 2006 wannan binciken ya nuna cewa duk ƙarin giram 10 na faiba a rana yana tafiya da raguwar haɗari da kusan kashi 26 cikin 100. A 2009 kuma aka ga matan da ke shan lemon kola mai sukari sau biyar ko fiye a mako sun fi masu shan ƙasa da ɗaya a wata haɗari da kashi 22 cikin 100. Irin wannan bincike alaƙa kawai yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa abincin ne sanadi. Macen da ke cin ganye da yawa, wataƙila ita ce kuma ke motsa jiki, ba ta shan taba.

Shi ya sa ake buƙatar hujja ta biyu: a raba masu ciki gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a canza wa rukuni ɗaya tsarin ci, a bar ɗayan yadda yake. A Finlan, gwajin RADIEL ya ɗauki matan da haɗarinsu ke sama, aka riƙa ba su shawarar abinci da motsa jiki tun cikin yana ƙarami. Kusan kashi 14 cikin 100 suka kamu, a ɗaya rukunin kuwa kusan kashi 22. A Madrid ta ƙasar Sifen, a 2017, matan da aka ɗora a kan cimar yankin Bahar Rum da ƙarin man zaitun da fistashiyo (wata ƙwaya mai kama da gyaɗa) tun watanni ukun farko, kashi 17 suka kamu, sauran kashi 23. Gwajin ESTEEM na Ingila a 2019 shi ma ya ga raguwa da kusan kashi ɗaya bisa uku da irin wannan cimar.

Ba duka gwaje-gwajen ne suka yi nasara ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. UPBEAT, shi ma a Birtaniya, ya ɗauki mata 1,555 masu ƙiba. Cimarsu ta gyaru, nauyin da suka ƙara ya ɗan ragu, amma yawan masu kamuwa bai canza ba: kashi 25 a nan, 26 a can. Da aka haɗa gwaje-gwaje da dama aka duba, waɗanda aka fara da wuri, kafin wajen mako na 15, su suka fi nuna amfani. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne, lokacin da ya fi dacewa a gyara cima shi ne tun ana shirin ɗaukar ciki, ko da zarar an ga ɓatan wata.

Cikina ya kai wata biyar. Na makara ke nan?

A'a. Ko da gyaran bai hana ciwon zuwa ba, yana rage yadda sukari ke hawa bayan kowane cin abinci, yana taimakawa nauyi ya ƙaru daidai, kuma idan gwaji ya nuna ciwon, kin riga kin saba da abin da za a ce ki yi. Fara da abin sha, don nan ne gyara ya fi sauƙi kuma ya fi saurin nuna amfani.

Me ya sa ake tsananta wa lemon kwalba haka? Ruwan 'ya'yan itace da zuma fa?

Juya gwangwanin lemo ki karanta bayansa. Mai mililita 330 yakan ɗauki kusan giram 35 na sukari, wato ƙaramin cokalin shayi takwas zuwa tara. Babu wadda za ta zauna ta ɗebi cokali tara na sukari ta zuba a baki, amma a ruwa mai sanyi cikin minti biyu an shanye, babu tauna, babu faiba, kuma ba ya ƙosarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Ga yawancin mata wannan bai wuce giram 50 ba, sai ga gwangwani ɗaya ya kusa cinye shi.

Ruwan 'ya'yan itace, ko da a gida aka matse shi ba a sa sukari ba, hukumar ta lissafa shi a sahu ɗaya da wancan. Haka zuma. Lemu uku ko huɗu ake matsewa kafin kofi ya cika, a zubar da zaren, a sha zaƙin. Sukari mai ruwan ƙasa shi ma sukari ne, launi kawai ya bambanta su. Ruwa shi ne abin shan mai ciki, sai madara marar sukari.

Ke nan in bar 'ya'yan itatuwa?

Kada ki bari. Ki ci su da ɗanyensu, a tauna, gwargwadon cikin tafin hannu a zama ɗaya, a rarraba cikin yini maimakon a tara a cinye lokaci guda. Busassu irin su zabibi da dabino sukarinsu a dunƙule yake, kaɗan ya isa.

Wata ta ce min in daina cin sitaci kwata-kwata. Haka ne?

Wannan shawara ce mai haɗari, kuma tana yawo sosai a intanet. Gulukos shi ne babban abincin ɗan tayi, ƙwaƙwalwarsa da shi take girma. Ma'aunin da likitoci da dama ke bi ya ce mai ciki na buƙatar aƙalla giram 175 na kabohaidiret (sitaci da danginsa) a rana, da giram 71 na furotin (abin gina jiki), da giram 28 na faiba. Idan mace ta yanke sitaci ko ta riƙa tsallake abinci, jiki kan koma ƙona kitse, wasu sinadarai masu suna kiton su taru a jini, abin da ba a so ga mai ciki. Kuma wadda ta bar sitaci takan cike gurbinsa da nama mai kitse da soye-soye, waɗanda ke ƙara wa jiki taurin kai ga insulin.

Na taɓa ganin littafin da wata mai ciki ke rubuta awon sukarinta. Lambobin duk sun yi kyau, layi bayan layi, har aka fara yaba mata. Da aka duba gefen da take rubuta abin da ta ci, sai ga shayi ba sukari da safe, dafaffen ƙwai ɗaya da rana, ganye da dare. Makonni uku nauyinta bai ƙaru ba, tana tashi jiri na ɗibarta. Tsoron allura ya sa ta zaɓi yunwa. Abin da ake nema shi ne a zaɓi sitaci mai kyau, a auna shi, a raba shi cikin abinci uku da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani.

Amma ai mutum biyu nake ci wa?

Na biyun ko a ranar haihuwa yawanci bai fi kilo uku da 'yan kai ba. A watanni ukun farko jiki ba ya buƙatar ƙarin kalori, wato ƙarfin da abinci ke bayarwa. A na tsakiya kusan 340 a rana, a na ƙarshe kusan 450, bisa lissafin Amurka. Na Birtaniya ma 200 kawai ya ce, a watanni ukun ƙarshe. Kofin madara da ayaba ɗaya da ɗan dintsin gyaɗa sun kai 340 ɗin. Abin da ke ƙaruwa sosai shi ne buƙatar sinadarin ƙarfe, folik asid, aidin da furotin.

Game da nauyi, jadawalin da aka fitar a Amurka a 2009, wanda ƙasashe da yawa ke amfani da shi, ya ce mai matsakaicin jiki ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a tsawon cikin, siririya ƙwarai 12.5 zuwa 18, mai ɗan jiki 7 zuwa 11.5, mai ƙiba 5 zuwa 9. Wannan na cikin ɗa ɗaya ne. Lura cewa ko mai ƙiba ƙari aka ce ta yi. Goyon ciki ba lokacin rage ƙiba ba ne.

Nama fa? Na ji an ce jan nama na ƙara haɗari, ga shi kuma an ce jinina ya yi ƙasa.

Binciken ma'aikatan jinyar nan ya ga alaƙa tsakanin yawan cin jan nama da naman masana'anta kafin ciki da ƙaruwar haɗari. Ya ga irin haka ga yawan cin soyayyen abinci, da yawan cin dankalin turawa. Wannan ba ya nufin nama ya haramta gare ki. Ki ci daidai, ki cire kitsen, ki riƙa musanya shi da kifi, kaza, ƙwai da wake a wasu ranaku. Ƙwayar ƙarin jini da aka ba ki a wurin awo kuwa, kada ki ajiye ta saboda wani abu da kika karanta. Ƙarancin jini ga mai ciki babbar matsala ce mai zaman kanta.

Laulayi ya hana ni cin komai sai biskit da farin burodi.

Ki ci abin da ya zauna miki, ki sha ruwa, ki sha folik asid ɗinki. Laulayi yakan lafa wajen mako na 14 zuwa 16, daga nan sai a dawo kan tsari. Idan amai ya hana ko ruwa zama, asibiti za a je. Kwaɗayin zaƙi kuma, ɗan kaɗan bayan an ci abinci sosai ya fi a sha shi a kan yunwa.

Ni ba ni da ƙiba, ina cin abinci mai kyau, ba na jin komai. Dole sai na yi gwajin?

Ki yi. Wannan ciwo yawanci ba ya da alama. Ƙishirwa, yawan fitsari da gajiya, ai kowace mai ciki na ji, don haka ba a gane shi da su. Gwajin fitsari ma ba ya wadatarwa.

Ana yin gwajin tsakanin mako na 24 da na 28, ko tun farkon ciki ga wadda haɗarinta ke sama. Za ki kwana ba ki ci komai ba na aƙalla awa takwas, ruwa kaɗai. Da safe a ɗebi jini, a miƙo miki kofin ruwa da aka narkar da giram 75 na gulukos, zaƙinsa har maƙogwaro, ki shanye cikin minti biyar. Sai ki zauna. Ba ci, ba yawo. Bayan awa ɗaya a sake ɗiban jini, bayan awa biyu a ƙara. Wasu kan ji tashin zuciya. Idan kika yi amai ki faɗa, don sai an sake wata rana. Ki taho da abin da za ki ci da an gama. Kuma a kwanaki ukun da ke gabanin gwajin ki ci abincinki yadda kika saba. Wasu kan rage ci don sakamako ya yi kyau, alhali hakan na iya rikita shi.

Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013, ana cewa akwai ciwon idan awon farko ya kai 5.1, ko na awa ɗaya ya kai 10.0, ko na awa biyu ya kai 8.5, a ma'aunin mmol/L. A ma'aunin mg/dL, 92 da 180 da 153 ke nan. Ɗaya kaɗai ya isa. Lambobin sun samo asali daga binciken HAPO na 2008, wanda ya bi masu ciki kusan 25,000 a ƙasashe tara, ya ga cewa duk yadda sukarin uwa ya ƙaru, nauyin jariri na bin sa, ko da bai kai matakin da ake kira ciwo a da ba. Wasu ƙasashen na da nasu ma'aunin: Birtaniya na amfani da 5.6 da 7.8, a Amurka kuma an fi fara gwaji da giram 50.

Me zai samu jaririn idan ba a kula ba?

Wani likita ɗan ƙasar Denmak, Jørgen Pedersen, ya bayyana yadda abin ke faruwa tun shekarun 1950. Sukarin uwa na ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, insulin ɗinta kuwa ba ya ratsawa. Sai ɗan tayin ya riƙa fitar da nasa insulin da yawa, ya mayar da rarar sukarin kitse, musamman a kafaɗu da ciki. Jariri ya yi girma, naƙuda ta yi tsawo, kafaɗa ta iya maƙalewa bayan kai ya fito, ko a kai ga tiyata. Bayan an yanke cibiya sukarin uwa ya daina zuwa, amma insulin ɗinsa na nan da yawa, sai sukarinsa ya faɗi a awannin farko. Shi ya sa ake so a sa shi a nono da wuri, a kuma auna shi. Akwai kuma ciwon shawara da wahalar numfashi. Ita uwar, haɗarin hawan jinin ciki mai kai wa ga jijjiga na ƙaruwa.

Kulawa na sauya wannan labari sosai. A gwajin ACHOIS da aka fitar a 2005, wanda aka yi mafi yawansa a Ostireliya a kan mata 1,000, munanan matsalolin haihuwa ga jarirai sun sauka daga kashi 4 cikin 100 zuwa kashi 1 a rukunin da aka kula da sukarinsu.

An tabbatar ina da shi. Me zan canza daga gobe?

Mata bakwai zuwa takwas cikin goma abinci da motsa jiki kaɗai ke isar su. Za a nuna miki yadda ake huda gefen yatsa a ɗiga jini a na'urar awo, yawanci sau huɗu a rana: da farkawa, da bayan kowane babban abinci. Abin da aka fi nema shi ne ƙasa da 5.3 da safe kafin ci, ƙasa da 7.8 awa ɗaya bayan ci, ko ƙasa da 6.7 bayan awa biyu. A ɗaya ma'aunin, 95 da 140 da 120.

Ki samu littafi ki riƙa rubuta lambar tare da abin da kika ci da yawansa. Cikin mako guda littafin zai koya miki abin da babu wanda zai iya faɗa miki, domin jiki ya bambanta: abincin da ya ɗaga sukarin wata, ke ƙila bai taɓa naki ba. Mata da yawa kan lura karin kumallo ne ya fi ba su wahala, don da safe jiki ya fi ƙin jin insulin. Sai a rage sitacin safe, a haɗa shi da ƙwai ko yogot marar sukari. Kada sitaci ya tafi shi kaɗai, a raka shi da ganye da abin gina jiki, a ma fara cin su kafin a kai gare shi. Bayan an ci, a tashi a taka na minti 10 zuwa 15, ko a cikin gida ne, domin tsokar da ke aiki na jan sukari daga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba masu ciki shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 a mako, in dai likita bai hana ba saboda zubar jini ko wata matsalar mahaifa.

An ce sai na fara allurar insulin. Na gaza ke nan?

Ba ki gaza ba. Mabiyiya girma take yi kullum, sinadaranta na ƙaruwa, don haka abincin da ya riƙe sukarinki a mako na 28 zai iya kasawa a na 33 ba tare da kin canza komai ba. Awon safe musamman, sau da yawa abinci ba ya iya saukar da shi, don hanta ce ke sakin sukari cikin dare. Insulin ba ya isa ga jariri, allurarsa siririya ce ƙwarai, kuma yawancin mata da an haihu ake dakatar da ita. A wasu wuraren ana ba da ƙwayar metformin. Ita tana ratsa mabiyiya, shi ya sa likita ne zai auna wanda ya dace da ke. Wadda ke kan insulin kada ta tsallake abinci, kuma ta san alamun faɗuwar sukari: rawar jiki, gumi, bugun zuciya, jiri. A irin wannan lokacin ne kaɗai abin sha mai zaƙi ke zama magani.

Akwai ganye ko garin magani da ke sauke sukari?

Kada mai ciki ta sha wani haɗi, na gargajiya ne ko na kanti, ba da sanin likitanta ba. Yawancinsu ba a gwada su a kan masu ciki ba, ba a san adadin abin da ke cikinsu ba, wasu kuma na iya taɓa mahaifa ko hanta.

Ni mijinta ne. Mene ne nawa a ciki?

Naka da yawa. Da wuya mace ta riƙe tsari ita kaɗai alhali firij cike yake da lemo, kowa na sha a gabanta. Abincin da aka ce ta ci ba na marasa lafiya ba ne, shi ne ya dace da kai da yara ma, don haka a dafa tukunya ɗaya. Ka raka ta ranar gwaji, zaman awa biyu da yunwa ba daɗi. Ka taka tare da ita bayan abincin dare. Idan lamba ta hau, kada tambayarka ta farko ta zama "me kika ci?"

Bayan haihuwa shi ke nan an rabu?

Ga mafi yawa sukari na komawa daidai, amma cikin ya riga ya tona wani abu game da jikinki. Nazarin da ya haɗa bincike da dama a 2009 ya nuna matan da suka yi wannan ciwo sun ninka sauran kusan sau bakwai wajen kamuwa da ciwon sukari nau'i na biyu, wanda ke zama da mutum, daga baya. Wani na 2020 ya ce kusan sau goma. Don haka ake so a sake gwajin gulukos tsakanin mako 4 zuwa 12 bayan haihuwa, sannan a riƙa dubawa duk shekara ɗaya zuwa uku. Wannan gwajin shi mata suka fi mantawa, hankali ya koma kan jariri, kowa na tambayar lafiyarsa, ba mai tuna uwar. Ki sa a rubuta miki ranar tun kafin a sallame ku.

A nan ma abinci na da tasiri, har ma hujjarsa ta fi ƙarfi. A wani babban gwajin rigakafin ciwon sukari da aka yi a Amurka, matan da suka taɓa yin sukarin ciki kuma sukarinsu ya fara ɗagawa, gyaran cima da motsa jiki ya rage musu kamuwa da kusan rabi. Shayarwa ma na taimakawa: an ga masu shayar da nono sosai na tsawon watanni sun fi samun kariya a shekarun farko bayan haihuwa.

Idan na sake samun ciki, zai dawo?

Kusan rabin mata yakan dawo musu. Kafin ki sake ɗauka, ki auna sukarinki don a tabbatar bai zauna ba, domin hawan sukari a makonnin farko, lokacin da gaɓoɓin ɗan tayi ke haɗuwa, haɗarinsa daban ne. Idan akwai nauyin da ya rage daga cikin baya, tsakanin haihuwa da haihuwa ne lokacin sauke shi. Ki fara folik asid tun kina shiri. Ranar farko da kika je awo, ko ba a tambaye ki ba, ki gaya wa ungozoma cewa kin yi sukari a cikin baya, don a gwada ki da wuri ba sai mako na 24 ba.